Yadda Ake Shirya Wasannin Raha a Wurin Aiki Don Farfaɗo da Kuzarin Ma'aikata

Duk wanda ya taɓa zaman ofis a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ya san halin da ake shiga bayan sallar Azahar. An ci abinci, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai a ga wannan ya kifa kai a kan tebur, wancan yana ta latsa waya, fayil ɗin da masinja ya kawo tun da hantsi kuwa yana nan inda ya ajiye shi. Wani ɓangare na wannan mutuwar jiki daga yanayi yake, amma wani ɓangaren daga zuciya yake fitowa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da matsin aiki mai ɗorewa ke haifarwa a matsayin matsalar da ke tattare da aiki, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin har mutum ya riƙa jin ba ruwansa da shi, da raguwar ƙwazo. Wasa na minti 10 ba zai kawar da wannan gaba ɗaya ba, amma idan an shirya shi da hankali yana sassauta zukata, yana sa mutanen da suka shekara suna gaisuwar fatar baki su fara magana da juna.

Kafin a kai ga zaɓen wasa, akwai abin da ya wajaba shugaban ma'aikata ya duba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, kuma naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta kai mai iyali ƙarshen wata. Ma'aikacin da yake bin bashin albashin wata biyu, ko wanda aka danne masa ƙarin girma, idan aka ce masa ya zo a yi wasa zai ɗauka ana yi masa ba'a ne, kuma yana da gaskiya. Saboda haka idan akwai irin wannan ƙorafi a ƙasa, a fara zama a yi bayaninsa, a faɗi ranar da za a biya, sannan a zo ga maganar raha.

Sai kuma batun lokaci. A ma'aikatun da ake shiga ƙarfe 8 na safe a tashi ƙarfe 4 na yamma, lokutan da suka fi dacewa su ne mintoci 10 na farkon taron safiyar Litinin, da kuma kwata ɗaya bayan dawowa daga sallar Azahar. Ranar Juma'a hankalin mutane yana kan shirin masallaci, don haka in za a yi wani abu a yi shi da safe. Sharaɗi mafi girma shi ne wasan ya kasance a cikin lokacin aiki. Wanda aka tsare bayan an tashi, alhali yana da yaran da zai ɗauko daga Islamiyya ko yana tsoron cunkoson hanya, ba zai yi dariya da zuciya ɗaya ba. Haka kuma kada a tilasta wa kowa, kada a rubuta sunayen waɗanda ba su shiga ba. A kowace ma'aikata akwai dattijo ko mai kunya da zai tsaya gefe yana kallo, kuma sau da yawa a mako na uku shi da kansa zai jawo kujera.

Abin da na fi ba muhimmanci a dukkan shirin shi ne matsayin oga. A wuraren aikinmu girma yana da nauyi ƙwarai, ƙaramin ma'aikaci ba ya zama sai an ce ya zauna, ba ya musu da darakta ko da ya san daraktan ya yi kuskure. Wasan da zai amfani irin wannan wuri shi ne wanda direba zai iya kayar da darakta a cikinsa, kowa ya yi dariya, gobe kuma direban bai ga canjin fuska ba. Idan oga ba zai iya jure a cinye shi ba, gara ya zama alƙali ko ya bar ɗakin, domin da zarar mutane suka lura ana barin sa yana ci da gangan, wasan ya koma fadanci. Ya fi kyau kuma a ɗora shirin a kan wani matsakaicin ma'aikaci mai faran-faran da jama'a, a raba rukunoni ta hanyar ƙuri'a, yadda akanta da maigadi da sakatariya za su iya faɗawa rukuni guda.

Wasannin da ake yi a zaune

Mafi sauƙin farawa shi ne wanda kusan kowa ya yi a dandali yana yaro, wato jini da jini. Mutane za su zauna ko su tsaya a da'ira, jagora ya riƙa kiran abubuwa da sauri, idan ya kira mai jini kamar akuya ko kaza ko rago a amsa da “ja”, idan ya kira marar jini kamar dutse ko tebur a ce “babu”. A dandali wanda ya yi kuskure duka yake sha, a ofis kuwa fita kawai zai yi daga da'irar har a samu mutum ɗaya da ya rage. Daɗin wasan yana cikin saurin jagora, ya jero masu jini shida ko bakwai a jere har baki ya saba da “ja”, sannan ya jefo kwamfuta. Ba ya buƙatar kayan aiki, ba ya wuce minti 5, kuma yana wartsakar da mai gyangyaɗi fiye da kofin shayi.

Kacici-kacici yana biye, kuma shi ya fi dacewa da safiyar Litinin. A raba mutane gida biyu, kowane gida ya zo da tambayoyi uku. Tsofaffin da aka sani, irin su “baba na ɗaka gemu na waje”, wato wuta da hayaƙi, ko “shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya”, wato tsintsiya, ko “tsumangiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba”, wato yunwa, suna da amfani a makon farko don a tuna da salon. Daga mako na biyu sai a ce kowane gida ya ƙirƙiro nasa a kan kayan ofis da al'amuran aikin, a siffanta hatimi ko janareto ko na'urar kwafar takardu da take maƙalewa duk ranar da ake sauri. A nan ne ake gano masu fasahar da ba a san da su ba. A riƙe tsohuwar al'adar ba da gari: gidan da ya kasa amsa ya ce “mun ba ku Katsina”, masu tambaya su karɓa ko su ce ba sa so sai an ba su Kano, sannan su faɗi amsar. A rubuta garuruwan da kowane gida ya ci a kan allo, a ƙarshen wata a ga wanda ya fi faɗin ƙasa.

Ƙarasa karin magana ma haka ake yin sa. Jagora ya ce “komai nisan jifa”, wanda ya riga ɗaga hannu ya ce “ƙasa zai faɗo”, ko ya ce “abin nema ya samu”, a ƙarasa da “matar falke ta haifi jaki”. Dattawan ofis ne suke cinye wannan wasa, abin da yake da kyau, domin su ne waɗanda aka fi bari a baya idan wasa ya zama na gudu ko na waya. Sai dai jagora ya tace abin da zai kawo, ya bar karin maganar da ke taɓa kishiya ko nakasa ko wata ƙabila, domin bai san abin da kowa ya baro a gida ba. Wannan gargaɗi ya shafi wasan karya harshe, irin na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto, wanda ake sa mutum ya maimaita sau uku da sauri ba tare da ya sarƙe ba. Akwai sunan da aka saba kiran wasan da shi wanda yake tsokanar Gbagyi, kuma a ofisoshin Kaduna da Minna da Abuja akwai su da yawa, don haka a kira shi karya harshe kawai. Idan akwai abokan aiki da Hausarsu ba ta nuna ba, a ba su dama su kawo irinsa a harshensu, Bahaushe ma ya gwada ya ji yadda ake ji.

Dara

A ganina babu wasan da ya kai dara dacewa da wurin aiki, domin ba ta da hayaniya, ba ta neman ƙarfin jiki, ba a taɓa juna, kuma girman muƙami ba ya taimakon kowa a cikinta. Ba sai an haƙa gurabe a ƙasa ba. Kiret ɗin ƙwai na kwali yana da gurbi 30, layi 5 mai gurbi shida-shida, wanda shi ne daidai yadda ake tona dara a wurare da yawa. Sai a tara murafen kwalaben lemo kala biyu, kowane ɗan wasa ya ɗauki 12.

Wasan hawa biyu ne. Da farko ana kasawa: kowa yana ajiye ɗa ɗaya a gurbin da ya ga dama, bi da bi, har 'ya'yan su ƙare, kuma a wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku a layi ba. Bayan an gama kasawa sai a fara tafiya, kowa ya matsar da ɗansa gurbi ɗaya zuwa gaba ko baya ko gefe, ba a tafiya a karkace, ba a tsallake. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya daga na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Akwai 'yan bambance-bambance tsakanin gari da gari, musamman a kan ko za a iya cire ɗan da yake cikin jerin uku, saboda haka a zauna a amince da ƙa'ida ɗaya a rubuta ta a liƙa a bango kafin a fara, don kada mutumin Gobir da mutumin Zazzau su ɓata rabin sa'a suna gardama.

Idan mutum 8 suka shiga gasar sili ɗaya ƙwale, wasa 7 ne za a yi, wato in ana yin ɗaya kullum a lokacin hutun rana za a gama cikin kwanakin aiki bakwai. Idan su 16 ne wasa 15 ke nan, mako uku cif. Amma na fi son tsarin kowa ya kara da kowa idan mutanen ba su wuce 6 ba, idan su 6 ne shi ma wasa 15 ne, kuma wanda aka cinye ranar farko bai fita ba. An saba ganin dara a hannun maza a gindin bishiya, sai dai babu abin da ya hana mata shiga, kuma idan wasu ba sa son zama gaba da gaba da namiji sai a buɗe musu nasu rukunin. 'Yan kallo su ne rabin daɗin dara, a bar su su yi shewa, a hana su nuna wa ɗan wasa inda zai taka.

Lido da wasan kati suna da masoya, amma su ne suka fi saurin jawo sa kuɗi, kuma mutane da yawa suna ƙyamar su saboda kusancinsu da caca. Wannan matsala ta shafi hasashen ƙwallo, wanda yake da farin jini a duk ofishin da ake da magoya bayan Arsenal da Chelsea da Real Madrid da Kano Pillars. A zaɓi wasanni biyar na ƙarshen mako, kowa ya rubuta hasashensa ranar Alhamis, wanda ya faɗi ainihin yawan ƙwallaye ya samu maki 3, wanda ya faɗi wanda zai yi nasara kawai ya samu maki 1. Ko sisi kada a tara. Da zarar an ce kowa ya kawo naira 500 wanda ya ci ya kwashe, an fita daga raha an shiga abin da addini ya hana, kuma mutanen kirki za su janye.

Motsa jiki da ranar fili

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, abin da mai zaman tebur ba kasafai yake samu ba. A Japan tun 1928 ake watsa wani gajeren atisaye ta rediyo, kuma har yau ma'aikatan masana'antu da ofisoshi da dama suna yin sa tare kafin su kama aiki, cikin kimanin minti 3. Ana iya yin makamancinsa a nan: miƙa hannu, juya wuya da kafaɗa, tashi da zama sau goma, kowace rana mutum daban ya jagoranta. Maza su tsaya gefe, mata gefe, ko matan su yi nasu a ɗakinsu. Wasannin da ake kwasowa daga littattafan horar da ma'aikata na Turai, irin wanda mutum zai faɗi da baya abokan aiki su tare shi, ko wanda ake sarƙe hannuwa a warware, ba su dace da ofishin da ke da matan aure da malamai ba, kuma babu asarar da za a yi idan an bar su.

Sau ɗaya ko biyu a shekara ana iya fita fili. Ma'aikatan gwamnatin tarayyar Najeriya suna da gasar wasanninsu ta shekara-shekara, kuma ƙaramar ma'aikata za ta iya yin nata daidai ƙarfinta. Ranar 1 ga Mayu, wadda jihar Kano ta fara mayar da ita hutun ma'aikata a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981, tana faɗowa a tsakiyar zafi, don haka in za a yi a ranar a fara da sassafe a gama kafin ƙarfe 10. Lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Janairu, ya fi sauƙi. Ja-in-ja da igiya, tseren ƙwai a cokali, da ƙwallon mutum biyar-biyar sun isa. Langa tana ba da dariya ƙwarai, amma mutumin da ya shekara 20 bai riƙe ƙafarsa ya yi tsalle ba yana iya targaɗe a minti na farko, saboda haka a bar ta ga matasa, a kan yashi. A tanadi ruwan sha da inuwa da akwatin magani, kuma mai hawan jini ko mai juna biyu a ba shi alƙalanci.

Barkwanci da kwaikwayo

Akwai wata dukiya da muke da ita wadda ba sai an koya wa kowa ba, wato wasan barkwanci tsakanin al'ummomi: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. A Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. A ofis tana karya girman kai cikin sauƙi, domin Bazazzagin masinja yana iya tsokanar Bakanon darakta a gaban jama'a a yi dariya. Amma tana da iyaka. Abokan wasa ne kaɗai suke da wannan izini a tsakaninsu, kuma ko a cikinsu sai wanda ya san al'adar ya yarda da ita. Mai shiri kada ya mayar da ita wasan dole, ya bar ta ta taso da kanta, ya kuma tsayar da ita idan ta gangara kan addini ko siyasa ko iyalin mutum.

A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa suke shiga kamar masu mulki su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu. Ana iya aron wannan sau ɗaya a ƙarshen shekara: a zaɓi ƙaramin ma'aikaci ya hau kujerar shugaba ya jagoranci taro na minti 10, shugaban kuma ya zauna a cikin jama'a ya ɗaga hannu kafin ya yi magana. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, in ji Hausawa, kuma mai hankali ma yakan ji a irin wannan zama abin da ba wanda zai faɗa masa a ofishinsa, kamar yawan jan taro ko ɗabi'ar cewa “a dawo gobe”. Sai dai wannan shi ne wasa mafi haɗari a cikin duk waɗanda aka ambata. Kada a yi shi sai shugaban ne ya nema da bakinsa, kada a ɗauki bidiyo, kuma kada a kwaikwayi yadda Allah ya halicci mutum, kamar in'ina ko ɗingishi.

A watan azumi a ajiye duk wasan da ke sa gumi, a koma gasar tambayoyi a kan tarihi da sanin ƙasa da dokokin aikin, da safe kafin jiki ya yi laushi. Inda ake da Musulmi da Kirista a guji tambayoyin da ɓangare ɗaya ne kawai zai iya amsawa. Ma'aikatan asibiti da masana'anta da gidan rediyo, waɗanda suke aikin karɓa-karɓa ba sa haɗuwa lokaci guda, za su iya yin kacici-kacici da hasashen ƙwallo a zauren WhatsApp na daban, ba wanda ake aika sanarwar aiki ba, a kuma tsayar da lokacin rufe amsa don kada saƙo ya riƙa tashin mutane da tsakar dare.

Kyauta ta zama ƙarama kuma daga aljihun ma'aikata take fitowa: katin waya, kwalin sabulu, ko tsire da za a ci tare. Babbar kyauta tana mayar da wasa ƙiyayya. Wani kofi na roba da zai riƙa yawo daga tebur zuwa tebur duk wata yakan fi kuɗi tasiri, domin wanda yake riƙe da shi yana samun abin tsokanar sauran har wata ya zagayo.

Bayan mako huɗu mai shiri ya tsaya ya duba. Idan mutane suna tambaya da kansu ko yau akwai dara, ko ana jin an ci gaba da gardamar kacici-kacicin safe a wurin cin abinci, to a ci gaba. Idan kuwa sai an bi mutane ofis-ofis ana kira, ko mutum uku ne kullum suke magana sauran suna kallon agogo, a sauya wasan ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. A tambayi mata daban, a tambayi ƙananan ma'aikata daban, domin a gaban oga kowa cewa zai yi ya ji daɗi. Kowane wata uku a miƙa shirin ga wani mutum daga wani sashe, tare da kiret ɗin ƙwai da murafen kwalaben da takardar ƙa'idojin da aka amince da su.